Yadda ake goge fentin mota da yumɓun kile ba tare da an bi shi da folish ba

Kwanakin baya aka yi wa get ɗin maƙwabcina fenti a nan Ƙofar Ƙaura. Da inji mai fentin ya yi feshi, ni kuma Corolla ɗina mai ruwan toka tana fake a gindin bedi, taku goma bai fi ba. Ban kawo komai a raina ba. Sai ranar Asabar da na wanke ta, na ɗora tafin hannu a kan bonet, na ji kamar samfefa na shafa. Ido bai ganin komai, amma hannu yana ji. Na sake wankewa, ko gezau.

Irin wannan dauɗar da ta riga ta kama jikin fenti, sabulu bai fitar da ita. Feshin fenti da iska ta ɗebo, ɗigon kwalta, ƙurar ƙarfe daga birki, ɗankon itace, duk liƙewa suke yi a saman fentin kamar ƙuraje. Maganinsu wani abu ne da ake kira kile-ba, wanda daga Japan aka fara ƙirƙiro shi. Ni yumɓu nake ce mashi don kamar da suka yi, amma ba ƙasa ba ce, wani irin ɗanko ne na roba da aka cuɗa da gari mai laushin gaske. Idan aka zame shi a kan jiƙaƙƙen fenti, sai ya yanke duk abin da ya ɗago sama, ya haɗiye shi a jikinsa.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko dole ne a bi shi da folish. A nan sai mun raba kalmomi, domin a wajenmu duk abin da aka shafa wa mota ta yi ƙyalli folish muke ce mashi. Abu biyu ne daban. Wakis kaki ne, ɗora shi ake yi a kan fenti don ya kare shi, ba ya rage komai. Folish na ainihi kuwa ci yake yi, yana kankare saman fentin kaɗan don ya share ƙarce. Fentin motocin zamani hawa uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wata shimfiɗa garai-garai a sama da masu fenti ke kira kiliya. Kaurin kiliyar nan daga kamfani bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato kamar rabin kaurin takardar fotokwafi. Duk folish ɗin da aka yi da inji, daga wannan ɗan abin ake ragewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A garin da rana ke kai maki 40 a watan Afrilu, kiliya ba abin da za a riƙa yaga ba ne don nishaɗi.

To amsar ita ce ana iya tsallake folish. Wakis ne ba a tsallakewa. Sharaɗin kuwa guda ne: ka rage wa yumɓun aiki iya yadda za ka iya, domin shi ma yana iya barin ɗan hazo na siraran ƙarce idan aka matsa mashi. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke nufi.

Motar da bai kamata a taɓa ba

Kafin ka kashe kuɗinka, dubi motar da kyau. Idan kiliyar rufi ko ta bonet ta fara ɓarewa, ta yi fari-fari kamar makero, ka haƙura, wannan aikin mai fenti ne, yumɓu ƙara ɓare ta zai yi. Idan fentin irin marar ƙyalli ne da aka yi shi haka da gangan, shi ma ba a sa mashi. Idan kwanan nan aka fito da motar daga wajen fanel bita, ka tambayi wanda ya fesa ta, galibi sai fenti ya yi wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe shi da wakis, tunda kuwa wakis ne ƙarshen aikinmu, sai a jira.

Sai launi. Fara, ruwan toka, ruwan azurfa, ruwan zinare, waɗannan suna rufa asiri, ko an samu ɗan hazo ba a gani. Baƙa da shuɗiya mai duhu ba su da kunya. Masu wannan sana'a sun daɗe suna cewa fentin motocin Japan irin su Honda da Toyota ya fi laushi, na Jamus ya fi tauri, kuma abin da na gani da idona bai saɓa wa wannan ba. Mai baƙar Accord sai ya ninka kulawar da mai farar Golf zai yi.

Kayan aiki

Yumɓu mai laushi, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na aiki marar nauyi ne. Akwai mai laushi, akwai matsakaici, akwai mai kaushi. Na biyu da na uku an yi su ne don wanda zai bi da inji, ba naka ba ne. Kada launi ya ruɗe ka, shuɗin wannan kamfani ba shi ne shuɗin wancan ba, rubutun za ka karanta. Kamfanoni irin su Meguiar's da Mothers suna sayar da shi haɗe da ruwan feshinsa a kwali ɗaya, in ka samu haka ka huta. Guda mai nauyin giram 100 ya ishi ƙaramar mota har da saura.

Sai ruwan santsi, wanda ake fesa wa fenti don yumɓun ya riƙa zamewa a kai. In babu na kwali, sabulun wankin mota na ruwa za ka tsarma a kwalbar feshi, kamar murfi guda a fiya wata biyu, wato lita ɗaya. Ka murza tsakanin yatsu, in ka ji santsi kamar tsinkakkiyar miyar kuɓewa, ya yi. Na ce fiya wata ne saboda ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana barin farin tabo in ya bushe. Omo da sabulun wanke-wanke kuwa a bar wa tufafi da kwanuka, suna sa yumɓun ya riƙa marmashewa.

Bokiti biyu, soson wanki mai laushi, tawul ɗin maikirofaiba aƙalla huɗu masu tsabta, farar leda irin ta ƙullin sukari, wakis da sosonsa. Tsohuwar singileti da ake ajiyewa a but ba tawul ba ce. In da hali, a nemi maganin narkar da ƙurar ƙarfe da na kwalta.

Lokaci da wuri

Wannan ne inda mu 'yan Katsina muka bambanta da wanda ya rubuta umarnin da ke jikin kwali. Shi bai san hunturu ba. Ranar da buji ya taso, gari ya yi hazo har ba ka hango hasumiyar Gobarau daga nesa, kada ka fara. Kana gama wanki ƙura na sauka, ƙurar nan kuma yashi ce mai kaifi, in ta shiga tsakanin yumɓu da fenti ka zama mai goge motarka da samfefa da hannunka. A ganina lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, iska a wanke take, kuma wakis ɗin da ka sa zai tarbi hunturu. In ba haka ba, ranar da aka kwana da ruwa.

A cikin yini kuwa, bayan asuba da zarar gari ya waye, ko bayan la'asar. Inuwa dole ce, amma inuwar rumfa ko gareji, ba ta bedi ba, don bedi na zubar da ganye da 'ya'ya, tsuntsaye kuma na yin nasu. Ɗora bayan hannunka a kan rufin, in da ɗumi ka jira. A kan ƙarfe mai zafi ruwan santsi bushewa yake nan take, yumɓun kuma ya saki ya liƙe. In ƙasan wurin turɓaya ce, yayyafa ruwa kewaye da motar, ka shimfiɗa tsohuwar tabarma mai tsabta a gefen da kake aiki.

Wanki

Fara da kwarara ruwa tun daga rufi har ƙasa kafin soso ya taɓa jikinta, ruwa ya tafi da yashin da zai iya. Bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Ka wanke ɓangare, ka ɗauraye soson a na biyu, sannan ka mayar da shi cikin kumfa. Daga sama zuwa ƙasa, tayoyi da sosonsu daban. Kada ka manta da lunguna: bakin gilashi, gefen tambari, ƙarƙashin madubi, ramin hannun ƙofa. A nan yashi ke ɓuya, sai ka fara feshi ya gangaro maka.

Da ka gama, sa hannunka cikin farar ledar nan, ka shafa fentin a hankali da kan yatsu. Leda na ƙara wa yatsa ji, abin da hannu tsirara bai ji ba za ka ji shi ɓaro-ɓaro. Bi motar ɓangare-ɓangare. Sau da yawa za ka tarar rufi da bonet da murfin but da ƙasan ƙofofi ne ke da kaushi, tsakiyar ƙofofi sumul. Inda yake sumul, bar shi. Ba farilla ba ce sai yumɓu ya zagaye mota duka.

A fara narkarwa kafin a fara gogewa

Mutane da yawa na tsallake wannan, alhali shi ne rabin sirrin. Duk abin da magani ya narkar, yumɓu bai ja shi a kan fentinka ba. Ɗigon kwalta, irin wanda ake kwasowa in an bi hanyar da ake gyara, a ɗiga mashi maganin kwalta a bar shi ya jiƙa, sannan a ɗauke da tawul. In babu, ɗan kananzir a bakin tsumma mai laushi yana yi, a wurin kawai, a kauce wa roba, a bi da sabulu nan take. Fetur da tina kada su zo kusa.

Maganin ƙurar ƙarfe kuwa fesawa ake yi a bar shi 'yan mintoci. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, amma za ka ga abin mamaki: duk inda ƙarfe ya maƙale sai ya koma shunayya ya riƙa zirarowa, musamman a farar mota, a bayan tayoyi da murfin but. Kada a bari ya bushe. A ɗauraye sosai.

Aikin yumɓun kansa

Raba shi gida uku ko huɗu, ɗauki ɗaya, sauran ka rufe a mazubinsu. Murza shi a hannu har ya yi laushi. In safiyar da sanyi ya yi tauri, jefa shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, domin yumɓu mai tauri ya fi yin ƙarce. Baje shi ya zama kamar 'yar ƙaramar waina da za ta rufe yatsu uku.

Fara da gilashin gaba. Gilashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, a nan hannunka zai koyi abin ba tare da asara ba. Daga nan ka zaɓi wani lungu na fentin da ido bai cika zuwa ba, ka gwada wuri kamar tafin hannu biyu, ka share, ka duba da haske. Dubi yumɓun ma. In ka ga launin motar a jikinsa, ba dauɗa ba, to fentin ba shi da kiliya, wataƙila an taɓa sake fesa ta da fenti mai hawa ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a motocin da suka sha hannu. Irin wannan sai a bi shi da lallashi sosai, in kuma ya dusashe a dakata. In gwajin ya fito lafiya, bisimilla.

Ɗauki wuri ƙarami, kamar santimita 50 zuwa 60 kowane gefe. Fesa ruwan santsi har ya riƙa ɗiga, ka fesa wa yumɓun ma. Rowa a nan asara ce. Ɗora shi a kwance ƙarƙashin yatsunka, ka zame shi gaba da baya a miƙe, ba zagaye-zagaye ba. Dalili kuwa, in ƙarce ya faru, miƙaƙƙe daga kusurwa ɗaya ake ganinsa, na zagaye kuwa ta ko'ina rana ta faɗo sai ya nuna.

Maganar nauyin hannu ita ce mai wuyar koyarwa, don mun saba in abu ya ƙi fita a ƙara ƙarfi. A nan akasin haka ne. Riƙon da za ka yi mashi shi ne wanda zai hana shi faɗuwa, shi ke nan. In wuri ya yi gardama, ƙara yawan zuwa da dawowa, ƙara feshi, amma kada ka danna. Ka kuma kashe rediyo, kunne na aiki a nan. Da farko za ka ji ƙarar kar-kar siririya, yumɓun na ɗan cijewa. Bayan zuwa biyar ko shida sai ƙarar ta ɗauke, ya riƙa sulɓewa kamar sabulu a kan tangaran. Da ka ji shiru, tsaya. Duk gogen da ka ƙara bayan nan ba dauɗa kake cirewa ba, fentinka kake wahalarwa.

Share wurin da tawul a hankali, sake gwadawa da leda, sannan ka juya yumɓun ka duba. Za ka ga ya yi ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi. Ninke dauɗar ta shige ciki, murza, sake bajewa, fuska mai tsabta ta fito. Yi haka bayan kowane ɗan wuri, ba sai ka gama bonet duka ba. In ka hangi tsakuwa ko wani abu mai ƙyalli a jikinsa, tsinke wurin da farce ka yar. Ranar da ka ninke ka ninke fuska mai tsabta ta daina fitowa, wannan gutsuren ya gama aikinsa a kan fenti.

Tsarin tafiya: rufi, bonet, murfin but, saman ƙofofi, sannan ƙasan ƙofofi da bamba ta baya a ƙarshe, kuma da gutsure daban, don nan ne matattarar dauɗa. Baƙar robar da ba a yi wa fenti ba a kauce mata, yumɓu na maƙalewa a 'yan ramukan jikinta ya bar tabo. A kan kaifin ƙarfe da gefen ƙofa a sassauta ƙwarai, fenti ya fi siranta a nan.

In ya faɗi ƙasa

Ka yar da shi. Na san zafin abin, kuma na san abin da zuciya ke raya wa mutum, domin ni ma ta taɓa raya mani. Farkon da na fara wannan aiki, a kan baƙar motar yayana na koya, a tsakar gidansu a Daura. Ina kan murfin but yumɓun ya suɓuce ya faɗa turɓaya. A lokacin ban san a raba shi ba, dunƙulen duka ne a hannuna. Na ɗauka, na ɗauraye a bokiti, na tsince abin da ido ya gani, na ninke, na ci gaba. A inuwa komai lafiya lau. Washegari da hantsi ya fito da ita zai tafi Katsina, sai na ji kira.

"Kai, zo nan. Mi ka yi ma motar nan?"

"Goge ta na yi, Yaya."

"Da tsintsiya?"

Murfin but ɗin kamar kaji sun yi tono a kai. Yashin da ya nutse cikin yumɓu ruwa bai fitar da shi, ninkewa kuma ɓoye shi kawai take yi, ya sake fitowa can gaba. Sai da aka kai ta aka bi da inji, wato ainihin folish ɗin da muke gudu, kuma daga aljihuna. Tun ranar nake raba shi gida huɗu, nake kuma shimfiɗa tabarma, ko da yake in ya faɗi a kan tabarmar ma sai na dube shi da kyau kafin in yarda da shi.

Akwai wani samfurin da aka yi kamar safar hannu ko tawul mai fuskar roba, shi in ya faɗi ana ɗaurayewa a ci gaba, kuma ya fi sauri. Sai dai a hannun sabon shiga ya fi saurin barin hazo, don haka ga mai baƙar mota da ba ya son folish ban ba da shawararsa ba.

Dubawa da rufewa

In ka gama, ɗauraye motar duka don sabulun da ya saura ya tafi, ka tsane ta da tawul mai tsabta. Fito da ita rana na minti biyu, ko ka haska fitilar waya a karkace a kan fentin, ka duba kewayen hasken. Ka tuna ƙarcen da ka gani ba lallai na yau ba ne, yawancinsu tsofaffi ne na tsumman masu wankin mota, dauɗa ce ta rufe su a da. Yumɓu ba ya share ƙarce, ba ya dawo da fentin da rana ta ƙona, ba ya cire tabon kashin tsuntsu da ya riga ya ci kiliya. Aikinsa sumul, ba ƙyalli ba.

In ka ga ɗan hazo siriri, kada hankalinka ya tashi, wakis na cike irin wannan ya ɓoye shi har tsawon zamansa a jiki. In ya fi ƙarfin haka, akwai wakis mai haɗe da ɗan abin gogewa kaɗan, wanda ake shafawa da hannu a wurin da abin ya shafa kawai.

Wakis ɗin kuwa a ranar za a sa, ba gobe ba. Yumɓu ya tafi da tsohon kakin da ke jiki, fentin tsirara yake, rana da ƙura kuma ba su jira. Na kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a Barazil, yana da kyan ƙyalli amma bai daɗewa a zafi irin namu. Na haɗin kamfani ya fi jure rana, shi nake saye. Shafa shi siriri sosai da soso, ɓangare ɗaya a lokaci guda, bar shi ya yi fari-fari. Ja yatsa a kai, in ya bar layi garau ya isa sharewa, in ya yi maiƙo ƙara jira. Share da busasshen tawul, kana juya shi. Wasu nau'o'in suna son a hana motar ruwa na wasu awoyi bayan an sa, wannan jikin robar zai gaya maka.

Gutsuren da ya saura mai tsabta, fesa mashi ɗan ruwan santsi ka rufe a mazubinsa, ka ajiye a ɗaki. Kada ka bar shi cikin mota, zafin rana zai narkar da shi ya liƙe da duk abin da ya taɓa. Wanda ya yi dauɗa kaɗan a ajiye shi daban don gilashin gefe da wili. Sau ɗaya a shekara ya ishi yawancin motoci, sau biyu ga mai yawan bin hanyar Jibiya ko Dutsin-ma, kuma ko da lokacin ya zagayo, sai leda ta ce akwai kaushi.

Corolla ɗin nan tawa, feshin ya fi kama bonet da gilashin gaba da gefen direba, su kaɗai na yi wa yumɓu. Na fara bayan la'asar, gutsure biyu suka tafi, fuskarsu ta yi kore-kore irin launin get ɗin maƙwabcin. Ana kiran magariba ina share wakis ɗin ƙofar ƙarshe.